Ƙafa Uku a Kan Gaɓa

Matan da suka sauka wanki da hantsi su suka fara gani. A kan doguwar gaɓar da ke bayan Tungar Gawo, daidai inda gulbi ya fi zurfi, ƙarfen nan mai ƙafa uku da Harun mai hoto yake ɗora aparai, na'urarsa ta ɗaukar hoto, a kai yana tsaye shi kaɗai, ya fuskanci gabas. Babu aparai, babu Harun. Hularsa na ƙasa jina-jina, gefenta kuma ga sandar makiyayi, an naɗe wuyanta da jar fata.

Kafin matan su gama salati rabin gari ya hau gaɓar. Da farko ba wanda ya ɗaga murya, kowa sai satar kallon yamma yake yi, wajen gandun daji. Garinmu yana can gaba da Tanda, a bakin gandun, kuma shekarun nan ya koyi magana ƙasa-ƙasa. Akwai masu bindiga a dajin. Ba ma kiran sunansu, "mutanen ciki" muke cewa, ko wannan ma sai mun waiwaya. Baƙin da ke zuwa kallon giwa sun ɗauke ƙafa tuntuni. Harun kaɗai ya rage, ɗan Gaya mai taurin kai, wanda ke tashi tun asuba don ya ɗauki hoton duwatsun gandun lokacin fitowar rana. Mu "mai hoton rana" muke kiransa, muna yi masa dariya, muna kuma son sa.

Badaru ne ya fasa shirun. Shi ne shugaban ƴan bangar gari, mai moto, wato babur, na jigilar kaya zuwa Gaya, ƙato mai jan ƙafar hagu tun wani haɗari da ya yi. Ya ɗaga sandar sama.

"Wagga ta Siddo ce, kowa ya san ta," ya ce. "Yau da asuba na gan su da idona ina tahiya gona. Harun ya duƙa bisa aparai ɗinshi, ya sa rana gaba, Siddo na tsaye bayanshi. Ban kawo komi a raina ba. Ashe ɗan leƙen asirin mutanen ciki munka aje a gari."

Siddo Bafulatani ne da ke ruga a bayan gari, shi ke raka Harun cikin duwatsu. Abin da ya biyo baya ba abin alfahari ba ne. Tsoron da ya daɗe a cikinmu ya samu wanda zai faɗa wa, kuma wanda ba shi da bindiga. Aka jawo Siddo daga cikin shanunsa, aka fasa masa baki, da ƙyar mai gari ya ƙwace shi ya kulle a ɗakin ajiyar shinkafa. Aka kira jandarma a Gaya, suka ce suna tafe, amma hanyar nan ba a shigarta sai an shirya. Badaru ya ce ba sai sun wahala ba, gobe da sassafe yaransa za su kai musu Siddo a kan moto. Duk wanda ke wurin ya san abin da hakan ke nufi. Mutum na ƙarshe da ƴan banga suka ce za su kai Gaya, har yau bai isa ba.

Mai gari ya aika a kira Sumana.

*

Sumana tsohon mai bin sawu ne. Ya yi wa ma'aikatan gandun daji aiki har gwiwarsa ta gaji, yanzu sai ɓatattun shanu da ɓarayin akuya. Ba shi da fara'a, kuma da ya ga yadda aka tattake gaɓar sai da ya zagi garin gaba ɗaya, har da liman.

Ya kori kowa baya, ya zagaya ya sa wurin tsakaninsa da rana, ya tsuguna. Haka masu bin sawu ke yi. In rana na gabanka, kowane ɗan rami a ƙasa yana fitar da inuwarsa, in tana bayanka ƙasa sai ta zama shafaffa. Sumana ya shekara da shekaru yana aiki da rana a idonsa, shi ya sa idanun suka ƙanƙance.

Bai samu abin kirki ba. Ƙarƙashin sawun taron an share ƙasa da reshe. Babu sawun moto da yawa, babu kwanson harsashi.

"Ba mutanen ciki ba ne," ya gaya wa mai gari. "Su ba su shara in sun yi aiki, so suke a gani."

Mai gari ya sauke numfashi, sannan ya gane cewa wannan bai taimaki Siddo da komai ba.

Sumana ya ɗauki hular ya murza jinin da yatsa. Ya yi baƙi, yana ɓarɓashi. Na safiyar yau bai kamata ya bushe haka ba, amma rana ta yi zafi, shi kuma ba ya son faɗin abin da bai tabbatar ba. Ya dubi ƙarfen mai ƙafa uku. Yana kallon gabas, inda rana ke fitowa a kan ruwa, bai ga wani aibu a nan ba. Ina kuma mai hoton rana zai duba?

"Ranka shi daɗe, ka ba ni zuwa gobe."

"Ba ni ke da goben ba, Sumana," in ji mai gari. "Ka ga yaran nan da bindigogi. In gari ya waye ban iya hana su."

*

Ɗakin shinkafar duhu ne da ƙaiƙayi. Siddo na zaune a kan buhu, hannayensa ɗaure, ido ɗaya ya kumbura ya rufe.

"Sandarka ce?"

"Tawa ce, Baba."

"Mi ya kai ta gaɓa?"

"Ban sani ba. Jiya na ba Harun ita, ba yau ba. Jiya da asuba ya biyo ruga, nagge na, saniyar nan, na naƙuda, na ce ba ni iya zuwa. Ya ce to in ara mishi sanda sabili da macizai. Bai komo ba. Na zaci ya wuce Gaya, ya saba yin hakanan."

"Wa ya gan ka a ruga?"

"Matata. Da nagge." Ya yi wani abu mai kama da dariya. "Wace za su yarda da ita?"

"Badaru ya ce yau ya gan ku bisa gaɓa."

Siddo ya ɗago kai. "Gaɓa? Mi za shi ɗauka a gaɓa?"

Sumana ya so ya bi wannan maganar, sai aka buga ƙyauren da gindin bindiga, wani daga waje ya ce lokaci ya yi. Siddo ya zabura har ya faɗo daga kan buhun. Ya kama gefen rigar Sumana da ɗaurarrun hannayensa.

"Baba, ka ce ma matata ta kwashe yara ta ƙetare ruwa, kar ta jira ni. Na ji abin da suke faɗi a bakin ƙofa. Sun ce in sun gama da ni rugar za su koma."

Sumana ya fito cikin rana. Ya san Siddo tun yana bin maraƙi, kuma ya ji tsoro ƙwarai, domin duk abin da ke hannunsa zuwa yanzu Siddo yake nunawa.

*

Akwai mutum ɗaya da gari ya san ya taɓa yin faɗa da Harun: Yunusa mai zuma, sa'an Sumana, wanda a kasuwa ya rantse zai karya ƙafafun ƙarfen nan ya yi murhu da su. Sumana ya same shi a gida yana tace zuma.

"Kai ma ka zo ka ɗaure ni, tsohon banza?"

"In ka kashe shi, i."

"Ni? Da wanne ƙarhi? Faɗanmu na amya ne. Na rataye amyoyina cikin gandu, ka san an hana. Shi kuwa ya zo ya kafa ƙarfenshi kusa da su kullum. Na ce in hotonshi ya kai hannun ma'aikata na shiga uku. Ya rantse ba su yake ɗauka ba. Daga baya har zuma na ba shi."

"Ina amyoyin?"

Yunusa ya leƙa ta saman darni, dama da hagu.

"Na bar su. Wata guda ke nan ban taka wurin ba."

"Kai ka bar zuma? Kai da ko ta maƙwabci ba ka bari?"

"Sumana, ka rufa mini asiri." Muryar ta koma raɗa. "Wurin nan warin esansi, man moto, yake yi da safe. Ƙudan zuma ba su shan esansi, ni ma ban sha. Wanda ke kai mai cikin daji, ka san wa yake kai ma. Ban ga kowa ba, ban ji komi ba, kuma ba ka zo gidan nan ba."

Duk yadda Sumana ya matsa, Yunusa bai ƙara kalma ba. Ya rako shi har ƙofa, ya sa sakata tun rana na tsaka.

*

Bayan azahar jirgin ruwan kasuwa ya sauke Hawwa, yayar Harun. Ita ke riƙe da shagonsu na hoto a Gaya, tana ɗaukar amare da ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, shi kuma yana yawon duwatsu. Ba ta yi kururuwa ba. Ta hau gaɓar, ta tsaya gaban ƙarfen, ta daɗe tana kallon ruwa. Sumana ya tsaya nesa kaɗan har ta juyo da kanta.

"Baba, an ce kai ke neman shi."

"Ina ƙoƙari, ɗiyata. Yana da maƙiyi a Gaya?"

"Harun? Maƙiyinsa barci. Tun muna yara." Sai a nan hawaye suka zubo. Ta ciro wayar salula daga jaka. "Kullum ina ce mishi, wa zai sayi hoton dutse? Ya ce mutane sun manta wurin nan yana da kyau, tsoronshi kawai suka sani. Dubi abin da ya kashe kanshi a kai."

Sumana bai damu da hoto ba, ya karɓa ne don kar ta ji kunya. Ga Dutsen Mikiya, babban dutsen da ke yamma da gari a cikin gandun. Shi ya san shi baƙi-baƙi, mai ƙura. A nan kuwa ja ne wur, kamar garwashi, kowace tsaga ta fito. Ta shafa, wani ya zo. Dutsen ne dai. Wani kuma, dutsen, da tsuntsaye. A na gaba akwai wani dogon abu baƙi kwance a ƙasan hoton, ya miƙe zuwa wajen dutsen.

"Wannan fa?"

"Inuwarshi ce. Yakan bar ta wani lokaci, wai sa hannunshi ke nan."

Sumana ya kafa wa inuwar ido. Inuwar mutum, da ta ƙarfe mai ƙafa uku, sun kwanta gaba. Ya ji gashin jikinsa ya tashi.

"Ina ranar?"

"Wace rana?"

"Ba hoton fitowar rana yake ɗauka ba? Ban ga rana ko ɗaya ba."

"Haba Baba, ai ba a kallon ta. In ka auna aparai cikin rana komi baƙi zai fito. Baya yake ba ta. Haskenta na fari yake jira ya faɗa bisa dutsen, ɗan lokaci ne ƙanƙane, ya wuce shi ke nan."

Ta faɗi haka, sai ita ma ta tsaya. Su biyu suka juya suka dubi ƙarfen da ke kallon gabas. Baƙin ciki ya hana ta lura tun farko, shi kuma sana'arsa ce ta rufe masa ido.

"Kar ki gaya ma kowa," in ji Sumana. "Ki shiga gidan mai gari cikin mata. Ki kira jandarma, ki ce su biyo ruwa, su iso kafin rana ta fito. Koma da hoton baya."

A kusurwar hoton akwai reshen kuka, da wani abu dogo rataye a jiki. Amya ce. Ya san kukar.

*

Tudun da kukar take yana cikin gandun sosai, yana fuskantar Dutsen Mikiya, tsakaninsu wani kwazazzabo mai yashi. Sumana ya isa da la'asar, ta hanyar da ba ta mutane ba, yana tsayawa yana saurare. Dajin ya yi tsit, shirun da ba ya so.

A gindin kukar ya samu ƙananan ramuka uku na ƙafafun ƙarfen, biyu a baya ɗaya a gaba, na gaban yana nuna yamma. Tsakanin na bayan ga sawun Harun, ya daɗe tsaye a wuri ɗaya. Raɓa ta sauka a kansu sau ɗaya ta bushe, na jiya ne. Ya tsaya inda Harun ya tsaya ya duba gaba. Ga dutsen ya cika ido. A ƙasansa kuma, ɓaro-ɓaro, ga bakin kwazazzabon.

Ya gangara. Yashin cike yake da zoben gindin bido, wato jarka, ga tabon mai, ga sawun moto ɗaya da ya zo da nauyi ya koma babu. Daga nan wani sawu ya tashi ya hau tudun da gudu, ta gefe, ta cikin ciyawa. Ƙafar dama na taka ƙasa sosai, ta hagu tana jan layi.

Sauran bai buƙaci gwaninta ba, ƙudaje ne suka kai shi. A wata tsaga bayan kukar an tara duwatsu da ƙaya. Ya ɗaga guda biyu, ya ga rigar Harun, ya mayar. Ya yi wa Harun addu'a a tsaye, a gurguje, don can cikin daji ya fara jin ƙugin moto, ba ɗaya ba.

Bai san yadda gwiwarsa ta kawo shi bakin gonaki ba. Rana na shirin faɗuwa. Ya fito daga cikin dawa ke nan sai ga mutum zaune a kan moto a tsakiyar turba, bindiga kwance a cinyarsa.

"Baba Sumana. Sannu da aiki."

"Yauwa Badaru."

"Daga ina haka? Na ga ƙaya a wandonka. Ba irin ta bakin gulbi ba ce."

"Sawun Siddo na bi ta bayan ruga," in ji Sumana. Ya ji muryarsa kamar ta wani. "Ka yi gaskiya, ɗana. Amma ka san jandarma da tambaya. Gobe kafin ku tahi da shi, ina so a hau gaɓa da shi gaban kowa, ka nuna yadda ka gan su. In gari duka ya shaida, ba mai tuhumarku da abin da ya faru a hanya."

Badaru ya daɗe yana kallonsa, babban yatsansa na shafa ƙarfen bindigar. Sannan ya yi murmushi.

"Dattijo ke nan. Hau in kai ka gida."

Sumana ya hau. Duk tsawon hanyar hancinsa na cikin rigar Badaru, rigar kuwa warin esansi take yi.

*

Bayan sallar asuba aka taru a gaɓar. Mai gari, liman, Yunusa da aka jawo da ƙyar yana maƙale a bayan mutane, Hawwa cikin mata, ƴan banga da bindigoginsu. An kawo Siddo da igiya a ƙugu, moto na jira a ƙasa. Sumana ya saci kallon gulbi. Hazo ne kawai a kan ruwan, babu jirgi.

"To Badaru, nuna muna. Ina Harun ya tsaya?"

Badaru ya je bayan ƙarfen, ya duƙa, ya sa ido inda aparai ke zama. "Nan. Hakanan."

"Ya sa rana gaba?"

"Na faɗi jiya, na sake faɗi. Hoton rana yake ɗauka, ina za shi sa ta?"

Mutane suka gyaɗa kai. Sumana ya ce a ɗan dakata, rana ta fito tukuna, don a ga komai yadda ya faru. Aka tsaya. Wani ɗan banga ya fara jan igiyar, ya ce ana ɓata musu lokaci. Gabas ta yi ja, ta yi fari, sai ga bakin rana ya ɓullo a kan ruwa. Kowa ya kare ido da hannu. Badaru da ke duƙe ya runtse nasa, hawaye na fita.

"Mi kake gani?" in ji Sumana.

"Rana mana."

"Jama'a, ku dubi Siddo."

Aka waiwaya. Duk taron nan mutum ɗaya ne ya ba rana baya. Ba wanda ya sa shi. Siddo na tsaye da igiyarsa, fuskarsa a yamma, ya ɗaga kai. Muka bi idonsa. Can bayan gari Dutsen Mikiya ya kama ja tun daga ƙololuwa, jan na sauka a hankali. A garin nan aka haife mu, amma da yawanmu ranar muka fara ganin haka, don da safe gona muke kallo ko gulbi.

"Abin da Harun ke ɗauka ke nan," in ji Sumana. "Hawwa, nuna musu."

Salular ta bi hannu-hannu. Dutse, dutse, inuwa a gaba. Babu rana ko a ɗaya.

"Siddo ya raka shi safiya ba adadi. Da shi ya kafa ƙarfen nan, da bai kafa shi haka ba. Wanda ya kafa shi irinmu ne, mai jin ana cewa hoton rana. Harun bai taɓa tsayawa nan ba. Yana can tudun kuka ƙarƙashin duwatsu, tun shekaranjiya da safe. Na ga inda ya tsaya. Na ga zoben bido a kwazazzabo, inda ake aje ma mutanen ciki mai. Na ga kuma sawun wanda ya hau tudun ya same shi." Sumana ya nuna ƙasa, tsakanin taron da ƙarfen, inda raɓa ta jiƙa yashi. Taku ɗaya, layi ɗaya, taku ɗaya, layi ɗaya. "Irin wannan."

Ba wanda ya motsa. Hawwa ce ta taho gaba, mayafinta ya zame, ba ta gyara ba.

"Dutse yake ɗauka, Badaru. Dutse kawai. Mi ya yi maka?"

"Ƙarya ne!" Badaru ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ƙarya kuke! Ni ya biyo! Ina sauke kaya na ɗaga kai na gan shi bisa tudu, ga rana can bayanshi tana fitowa, bai ko dube ta ba. In ita ya zo ɗauka, mi ya sa ya ba ta baya ya auno ni?"

Sai da maganar ta gama fita ya ji ta. Ya dubi yaransa. Wanda ke riƙe da igiyar ya sake ta a hankali. Badaru ya kai hannu ga bindigar da ke kafaɗarsa, mata suka watse da ihu, Yunusa ya kwanta rub da ciki, amma yaransa biyu suka riga shi, suka danne hannun. Ɗayansu mutanen ciki sun kashe masa wa a bara. Da jirgin jandarma bai fito daga cikin hazon a lokacin ba, da Badaru ma bai isa Gaya ba.

Sumana ya ciro wuƙa ya yanke igiyar. Siddo bai dubi hannayensa ba, bai dubi Badaru ba. Yana kallon dutsen har jan ya dusashe, ya koma baƙi-baƙin da muka sani.

"Ya wuce," ya ce. "Yanzu ne Harun yake cewa in hura wuta mu sha shayi."

Mai gari ya matso yana ba shi haƙuri, liman ma ya sa baki, wasu har da cewa su dama ba su yarda ba. Siddo ya saurare su duka. Ya nemi sandarsa, jandarma suka ce shaida ce, sai an gama shari'a. Ya ce ba komai. Ya bi masu ɗauko gawa har tudun kuka, ya kama makara, ya tsaya aka sa Harun a jirgi tare da yayarsa, sannan ya nufi ruga ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Ranar ba wanda ya je gona mai nisa. Mutanen ciki za su jira mai su ga bai zo ba, kuma za su so sanin dalili.

Washegari da sassafe Sumana ya fita bayan gari. Rugar babu kowa, sai turaku da toka mai ɗumi. Ya zagaya ya sa rana a gabansa yadda ya saba. Ga sawun shanu, ga na jakuna da kaya, ga ƙananan ƙafafun yara, ga na ɗan maraƙin da aka haifa kwana uku da suka wuce yana tangaɗi a bayan uwarsa. Duk sun gangara mashigi, sun shiga ruwa. Ya daɗe a tsugune a wurin, sannan ya tashi ya komo gida. Ya ratsa gari tun daga wannan baki har wancan, ana gaishe shi yana amsawa, ba wanda ya tambaye shi inda su Siddo suka nufa.